Keken Ruwan Baffa

Haɗejia,
20 ga Satumba, 1953

Zuwa ga Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ku duka a Malam Madori. Yaya jikin yayata, Yaya Ma'u, yaya kuma jariri? Allah Ya raya shi, Ya tashi kafaɗar uwarsa. Ki gaishe mini da maigidanta, in aikin jirgin Nguru ya bar shi ya zauna a gida. Mu nan lafiya lau, sai dai kewa. Kajinki suna nan, akuyar nan taki mai baƙin kunne kuma ta cinye mini hannun riga a kan igiyar shanya. Ban doke ta ba, albarkacinki ta ci.

Kin ce in riƙa ba ki labarin mahaifinki, tun da shi Baffa ba ya rubuta wa kowa wasiƙa. To labarinsa ɗaya ne da na Ƙungiya, kin sani. Ke kan ce ƙungiyar nan ita ce 'yarsa ta fari, ke ta biyu, ni kuwa ban taɓa yi miki musu ba. A takarda sunanta Ƙungiyar Hikima da Sana'a ta Ƙasar Haɗejia, amma a gari har yanzu 'Yan Laraba ake ce mana, kuma ba don yabo ake faɗa ba.

Jiya na tuna yadda ya fara ta bayan yaƙi, lokacin da sojojinmu suka dawo daga Bama da labarin injuna, ya ce me zai hana malamin makaranta da maƙeri da baduku da masaƙi su zauna a tabarma guda kowace Laraba, kowa ya kawo abin da ya sani. Shekarun farko zauren ba ya ɗaukar mutane. A nan aka fitar da murhun banda mai rufi wanda masunta ke amfani da shi yanzu, ko da yake sun manta daga ina ya fito. A nan mawaƙa suke karanta waƙoƙinsu, marina suna gardama a kan baba. Sai aka yi injin surfen nan da ya fasa turmin Umma mahaifiyarki, matan unguwa suka sa mu a waƙa, mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in mun taru, tabarma biyu ta ishe mu har da sauran wuri. En'e kuma ta aiko cewa in ba mu nuna wani abin kirki a baje-kolin bana ba, za ta karɓe zauren da ta ara mana ta zuba irin auduga.

To ga abin farin ciki. Baffa ya ga hoton wani keken ruwa na ƙasar Sham a cikin littafi, ya ce sai ya yi irinsa. Babbar ƙafa ce kamar ta keke, ana kafa ta a cikin kogi, ruwa ya riƙa tura allunanta tana juyawa, gwangwanayen da aka ɗaɗɗaura a bakinta suna ɗebo ruwa suna juyewa a indararo, ya gangara lambu. Ba mai jan jigo, ba mai ciwon kafaɗa. Bala maƙeri ya ƙera ƙarami na gwaji, ran Laraba muka kai shi bakin kogi, ruwa ya cika ya batse, yana gudu da tarkace. Barira, ya juya! Ruwa ya hau indararo ya zubo a ƙafafunmu. Baffa ya cire hula ya riƙe, bakinsa yana motsi, na san godiya yake yi wa Allah. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, ko da yake kin san satar kallo na yi.

An yanke shawara za a ƙera babba, a nuna shi cikin Janairu, lokacin da alkama da albasa ke son ruwa. Kowa ya ce madalla, ni ma na ce madalla. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daga bakin kogi. Ni malamin gona ne, rani duk a fadama nake yin sa, na san yadda kogin nan yake komawa in sanyi ya shigo. Bari dai in ƙara dubawa kafin in ɗaga miki hankali a banza.

Ki kula da kanki, kada ki ce sai kin yi aikin gidan duka ke kaɗai.

Ni ne mijinki,
Inuwa


Haɗejia,
15 ga Nuwamba, 1953

Barira tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta masu kewa. Wasiƙarki ta iso ta hannun direban motar kanwa, na ji daɗin cewa Yaya Ma'u ta fara takawa. Ina gajiyarki, ina hidimar mai jego? Ƙuli-ƙulin da kika aiko ya zo, ya kuma tafi.

Kin yi mini faɗa cewa na bar ki da zulumi. Kina da gaskiya, ga maganar. Keken Baffa ruwa mai gudu ne ke juya shi. Kogin namu kuwa in damina ta wuce yakan ja da baya, ya lafa, har ya koma tafkuna a tsakanin yashi. Wato lokacin da keken zai juya, ba mai bukatar ban ruwa, lokacin da ake bukatar ban ruwa kuma ba zai juya ba. Shekaranjiya na je daidai inda za a kafa shi, na jefa karan dawa a ruwa na tsaya ina kallo. Yana tafiya, amma irin tafiyar tsohon da ya fito daga masallaci. Zuwa Janairu ko wannan ba zai samu ba. Baffa mutumin littafi ne, bai taɓa yin rani a lambu ba. Yana ganin ko ɗan motsin ruwa ya isa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ni kaɗai na sani ba. Na je maƙera na sami Bala yana ta dukan ƙarfen tsakiya, na kewaya na kewaya, sai ya ajiye guduma ya ce shi ma tun farko ya gani. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce shi ƙira aka ba shi, kuma wane ne shi da zai ce wa malamin da ya koya wa 'ya'yansa karatu ya yi kuskure. Sauran ma haka. Kowace Laraba Baffa yakan tambaya ko akwai mai magana, mu kuma mu ce madalla, mu tashi.

Ni kuwa kin san matsayina. Malamina ne tun ina elementare, sannan ga shi surukina. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa haɗa ido da shi ba. A zaure bayan ginshiƙi nake zama, in na hango shi a kasuwa kuma sai in shiga rumfar masu tabarma in yi ta tayin abin da ba zan saya ba. Yaya zan buɗe baki in ce masa aikin da ya sa ransa a kai ba zai yi ba? Amma in na yi shiru, ranar baje-koli zai tsaya gaban hakimai da Di'o da dukan gari, kusa da ƙafar da ba ta motsi. Ya jure waƙar turmi, ban jin zai jure wannan. Ƙungiya kuma daga ranar ta ƙare.

Da na yi niyyar roƙonki ki rubuta masa, sai na tuna ke 'yar fari ce, kunyar da ke tsakaninku ta fi tawa. Na san amsarki, kada ki ɓata tawada.

Amma na sami dabara, kuma ina jin daɗin kaina ƙwarai. Malam Kolo! Kin san shi, Babarbaren nan mai ɗinkin hula da bai taɓa fashin Laraba ba. Shi da Baffa wasan Barebari da Fulani ne tsakaninsu, ba abin da ba ya gaya masa, har a gaban jama'a. Abin da suruki ba zai iya faɗa ba, abokin wasa zai faɗe shi a tsaye. Gobe zan je in same shi a rumfa, in zayyana masa komai.

Ki taya ni addu'a, ki kuma yaba wa mijinki wayo.

Naki,
Inuwa


Haɗejia,
6 ga Disamba, 1953

Barira,

Ina yi miki sallama, ina fata kun tashi lafiya, da ku da jariri da uwarsa. Yaya sanyi a wajenku? Nan ya fara shigowa, na kuma rasa inda kika ajiye bargon nan mai ja.

Ki janye yabon da kika yi mini, ban cancanta ba.

Na sami Malam Kolo, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya gane sarai, har ya ajiye allura ya yi salati. Ya ce in bar masa, ran Laraba zai warware komai. Ran Laraba kuwa da Baffa ya tambaya ko akwai mai magana, Kolo ya gyara zama ya yi gyaran murya. Da ya faɗi maganar a miƙe, da an gama. Amma ina! Mutumin da ya shekara talatin yana tsokanar Baffa ba zai iya ce masa ko ina kwana ba tare da ya sa yaji ba. Sai ya fara da cewa shi dai bai taɓa ganin Bafulatanin da ya san ruwa ba, in ban da wanda ake ƙara wa nono. Zaure ya ɗauki dariya. Ya ce kogin nan da rani barci yake yi, kuma ko sarkin Fulanin duniya bai isa ya tashe shi ba, keken zai tsaya cik, sai dai a shanya wanki a kansa.

Duk gaskiyar tana ciki, Barira, ba abin da ya rage. Amma Baffa dariya ya yi har da share hawaye. Ya ce yaushe Babarbare ya san kogi, mutumin da garinsu in an ga ruwa a kwano sai a kira maƙwabta kallo. Ya ce hassada ce irin ta bayi in sun ga ubangidansu zai yi suna. Kolo ya rama, Baffa ya ƙara, mutanen da suka san maganar gaskiya ce suna ta ƙyaƙyatawa, don dariyar ta fi musu sauƙi. Ni kaɗai ne a bayan ginshiƙi nake jin kamar in yi kuka.

Da aka tashi na tare Kolo a hanya. Ya ce shi fa ya faɗa, kowa shaida ne. Na ce ya koma ya same shi a gida ya gaya masa ba wasa. Ya koma, don Allah ya koma, mutumin kirki ne. Ya ɗaure fuska ya rantse cewa da gaske yake. Baffa ya ce wannan sabon salon ya fi na jiya daɗi, ya sa aka kawo masa fura. Abin da ban lissafa ba ke nan: abokin wasa yana da izinin faɗin komai, amma ba mai ɗaukar maganarsa a bakin komai.

Yanzu abin ya ƙara lalacewa. Don ya ƙure Kolo, Baffa ya sa mai shela ya zaga gari da kasuwannin Kafin Hausa da Kaugama, cewa duk mai lambu ya zo ya ga ranar da za a yi sallama da jigo. An gama babban keken, yana jingine a ƙofar maƙera, ya fi tsawon mutum biyu. Kyakkyawa ne ƙwarai, yara da manya suna zuwa kallo. Jiya wani tsoho mai albasa daga fadama ya tsaya ya daɗe yana dubansa, ya dube ni, ya kaɗa kai ya wuce.

Na rasa ci, na rasa sukuni. Na duba ko'ina ban ga wanda ya rage ba sai ni. Kin rubuta cewa mahaifinki ya fi son gaskiya a kan ladabi, ko da bai taɓa faɗa ba. Ke kika san shi a cikin gida, ni a bakin allo na san shi, da bulala a hannu. In na yi maganar nan ya ɗauke ta rashin kunya, ban san da wace fuska zan ƙara shiga gidanku ba, kuma ke ce za ki tsaya a tsakiya. Wannan ne ke tsorata ni fiye da fushinsa.

Ki gaida Yaya Ma'u. Ki gaya mini inda bargon yake.

Mijinki,
Inuwa


Haɗejia,
27 ga Disamba, 1953

Barira tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata lafiyarku ƙalau. Na ga bargo, na kuma ga layin da kika ja wa ƙasa, cewa in na yi shiru har aka yi wa Baffa dariya, wannan ce rashin kunyar da ba za ki yafe mini ba. Na karanta shi ya fi a ƙirga.

To na faɗa.

Ran Laraba bayan la'asar, da ya tambaya ko akwai mai magana, kafin a ce madalla sai na ji na miƙe tsaye. Ban san lokacin da na tashi ba. Ban iya fuskantarsa ba, sai na juya wajen Bala na ce, Bala, don Allah ka gaya wa Baffa cewa akwai wata 'yar magana a kan ruwa. Bala ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Baffa ya ce Bala maƙeri ne, ba tafinta ba, mai magana ya yi maganarsa.

Sai na yi. Idona a kan tabarma, na faɗi yadda na jefa kara cikin Nuwamba, da yadda na sake jefawa makon jiya ya tsaya wuri guda yana juyi. Na ce keken ba shi da aibi a ƙira, amma ba zai juya cikin Janairu ba, ko Fabrairu, sai damina ta dawo. Na ce maganar Malam Kolo ba wasa ba ce, ni na aike shi. Daga nan na zauna.

Baffa ya tambaye ni tun yaushe na sani, na ce tun ranar gwaji nake zargi. Ya bi sauran da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa da sunansa ko shi ma ya sani. Ba wanda ya ce a'a, ba kuma wanda ya ɗaga kai. Kolo ne kaɗai ya ce, a hankali, ba tsokana ko kaɗan, shi ai ya faɗa. Baffa ya ce, kai wasa ka yi, su kuma ladabi suka yi, duk ɗaya ne. Ya tashi ya sa takalmi ya hau kekensa, ba a ko yi addu'ar tashi ba.

Tun ranar bai fito ba sai masallaci. Na je gaisuwa da safe, na durƙusa a zaure, Umma ta leƙo ta ce yana hutawa. Ta dube ni irin kallon da ban gane ba, ko tausayi ne ko faɗa. Na koma washegari, amsa ɗaya. 'Yan ƙungiya kuwa sun rabu biyu: wasu suna cewa na kyauta, wasu suna cewa yaran zamani in sun yi boko ba sa ganin kowa da gashi. Waɗanda suka ce na kyauta ɗin ma a ɓoye suke faɗa mini.

Ba zan ɓoye miki ba, raina a jagule yake. Ina ƙaunar tsohon nan, Barira, tun kafin in san zan aure ki. Shi ya fara nuna mini cewa ana iya tambayar dalilin abu. Yanzu na sa shi ya ji kunya a zauren da ya gina da hannunsa. Duk da haka ban yi nadama ba, kuma abinci ya fara shiga. Baje-koli yana nan ba a ɗaga ba, ba wanda ya san abin da zai yi.

In kin ga ya dace ki dawo, ki dawo. In Yaya Ma'u ba ta warware ba, ki zauna, zan iya.

Ni ne naki,
Inuwa


Haɗejia,
24 ga Janairu, 1954

Zuwa ga Barira, 'yar Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da aka sauke wa kaya. Yaya Yaya Ma'u da yaronta? Na ji an ce ranar kasuwa mai zuwa za a sa ki a mota. Na share ɗaki, na wanke randa, kada ki duba ƙarƙashin gado.

An yi baje-koli jiya Asabar, ki zauna ki sha labari.

Baffa ya aiko wa Bala cewa a kafa keken kamar yadda aka shirya, bai ƙara ko kalma ba. Muka kafa shi. Da hantsi bakin kogi ya cika. Dukawa sun shimfiɗa jakunkuna da takalma, masaƙa sun rataye gwado, masunta sun kunna murhun banda, 'yan makaranta sun kawo kwalbar awon ruwan sama. Masu lambu sun zo daga fadama har da na Kaugama a kan jakuna. Hakimai suna zaune a inuwa, ga wakilin En'e, ga Di'o da akwatin hotonsa. Keken kuwa yana tsaye a cikin ruwa, ko gezau.

Baffa ya fito da farar riga, da karan dawa a hannu. Bai yi dogon jawabi ba. Ya taka har bakin ruwa ya jefa karan, ya ce kowa ya kalla. Aka kalla. Karan ya kwanta abinsa. Can wani ya tuntsire da dariya, sai ta kama ko'ina, ni kuwa na rufe ido. Da na buɗe sai na ga shi ma Baffa dariya yake yi. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce ya kira su su ga keke yana juyawa, to ga keke ba ya juyawa, kuskurensa ne shi kaɗai. Ya ce ɗebo ruwan da juyewar duk an gwada sun yi, abin da ya rage shi ne mai juya ƙafar, tun da kogi ya ƙi. Ya ce shi iliminsa ya ƙare a nan, duk wanda ke da dabara ya matso.

Barira, ba ki ga yadda wuri ya rikice ba. Wannan ya ce a ɗaura jaki, wancan ya ce jaki ba zai jure ba sai takarkari. Wani tsohon soja ya ce ya ga irin haka a Indiya, da haƙoran itace masu cizon juna, ya tsuguna yana zanawa a yashi, Bala yana kansa. Wasu samari suka shiga ruwa suka juya keken da hannu, ruwa ya hau indararo ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Di'o ya ɗauki hoton wannan, ina jin har yanzu yana zaton komai ya tafi daidai. Har la'asar ana musu, ba wanda ya tuna da abinci. Waɗanda suka ce a rubuta su cikin Ƙungiya sun fi waɗanda muka rasa tun zamanin turmi. Wakilin En'e ya ce auduga ta nemi wani wuri.

Kafin a watse Baffa ya tara mu ya kafa sabuwar doka. Daga yau duk wanda ya kawo sabon aiki, za a naɗa masa mutum guda mai neman aibi, wanda aikinsa ke nan, ya duba ya faɗa a fili kafin a ce madalla. A cikin zauren Laraba babu suruki, babu malami da ɗalibi, babu abokin wasa, duk a bar su a ƙofa tare da takalma. Kolo ya ce to shi me zai riƙa zuwa yi? Baffa ya ce ya riƙa jiransa a ƙofar. Sannan ya ce mai neman aibi na farko ni ne. Bai dube ni ba da ya faɗa, ni ma ban dube shi ba, don a bakin kogi muke, ba a zaure ba.

Na zaci an gama ke nan. Yau da safe ina ba kajinki tsaba sai na ji sallama a ƙofar gida. Na fito da tsaba a hannu, sai ga Baffa a tsaye riƙe da kekensa, shi da bai taɓa tako gidan nan ba tun da aka kawo ki. Na zube ƙasa. Ya ce in tashi, ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ya zaro takarda daga aljihu, zanen sabon keke ne da takarkari da haƙoran itace, ya miƙo mini. Ya ce shekara bakwai yana tambaya ko akwai mai magana, yana zaton shirun nan yarda ce, kuma ba kuskuren keken ne ya kwantar da shi a ɗaki ba, gano cewa shi kaɗai yake zaune a zauren ne. Ya ce, Inuwa, ka duba da kyau, kada ka ji tausayina. Ya hau keke ya tafi.

Na duba, Barira. Sandar da takarkarin zai ja ta yi gajarta, dabbar za ta yi jiri kafin azahar. Ran Laraba zan tashi in gaya masa, da bakina, ba ta hannun Bala ba.

Ki zo da wuri. Allah Ya kawo ki lafiya, amin.

Ni ne mijinki mai jiran ki,
Inuwa